Babur Ɗin da Ba Ya Aruwa

Mijina mutum ne da ba a yi masa magana ta gaba. In ka tare shi ido da ido, kafin ka kai ƙarshen zancenka ya shirya amsa, ya kuma tuna yana da uzuri a waje. Tun farkon aurenmu na gano haka, na kuma gano maganinsa: a bayan babur nake faɗa masa komai. Shi ke kai ni ɗakin gwajin jini inda nake aiki kowace safiya, kafin ya wuce ofishin ruwa, kuma a wannan tafiyar ba shi da mafita. Hannunsa na riƙe da kan babur, idonsa na kan titi, ba ya iya juyowa balle ya tashi ya bar ni. Sai in matso in zuba wa ƙeyarsa duk abin da ke raina, shi kuma dole ya ji har ƙarshe.

Ba wani wurin da za mu yi maganar in ba can ba. A gidansu na gado muke zaune, ɗakinmu jikin na mahaifiyarsa, bangon kuwa in ka yi tari Inna ce ke fara yi maka sannu. Ƙaninsa Auta yana ɗakin bakin ƙofa, kunnensa ya fi na kowa. Saboda haka a kan tsohuwar kujerar babur ɗin nan mai tsawo, wadda ni da kaina na ɗinke gefenta da ya yage, muka yanke duk wata shawarar aurenmu. A kai na gaya masa ina da ciki, a kai muka zaɓa wa 'yarmu 'Yar Baba makaranta, a kai muke faɗa mu shirya kafin mu kai kwanar asibiti. Shi ma ya san da haka. Da mun fita daga layinmu sai ya ɗan karkato da kai ya ce, "To, ƙeya ta shirya." Ina son wannan maganar, ko da ban taɓa gaya masa ba.

Abin da ya dame shi a duniya shi ne aro. Auta ya ari babur ya sayo wa Inna magani, maƙwabci ya ara ya kai yaro asibiti, wancan ya ce a rage masa hanya. Shi kuwa ba ya iya cewa a'a, sai ya miƙa makulli yana dariya, in sun fita ya zo ya yi ta ƙunƙuni a kaina kamar ni na ara. Maimakon ya koyi kalmar nan guda, sai ya shiga waya yana kallon wasu mutane a ƙasashen da ba mu sani ba suna ƙera wa baburansu sabon jiki da faiba, wani zaren gilashi da ake daskararwa ya yi tauri. Ya samu abokai irinsa, magidanta masu furfura a gemu da ke haɗuwa ƙarshen mako suna shafa baburan juna suna jinjina kai. A cikinsu akwai wanda suke kira Ɗan Jarida, don ko atishawa aka yi sai ya ɗauka a waya.

Wata safiya muna kan hanya, ban ma buɗe baki ba ya riga ni. Ya ce ya samo dabarar da za ta raba shi da 'yan aro har abada. Zai kwance babur ɗin ya yi masa jikin faiba da hannunsa, kujera ɗaya tal, a ƙera ta daidai jikinsa, tanki ya tokare ciki ta gaba, tozo ya tokare ƙugu ta baya. Duk wanda ya hau in ba shi ba, ba zai zaunu ba. Yana faɗa yana dariya har babur na rawa.

Na ce, "Ni kuma a ina zan zauna?"

Ya ce, "Ke ai ba aro kike yi ba."

Na jira in ji sauran amsar, ashe ta ƙare ke nan. Da na sake tambaya ya ce za a san yadda za a yi, aikin ma bai fi 'yan kwanaki ba. Wannan ce tafiyarmu ta ƙarshe a kan babur ɗin.

Daga ranar na sa masa suna Injiniya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, bai san ba'a nake yi ba. Ya kwance babur a barandar ɗakinmu, ya bar ƙashinsa tsaye kamar akuyar da aka feɗe. Ya kwaso kaya: faiba a naɗe fara sol kamar tabarma, ruwan rezin mai warin da ke hawa kai, wata 'yar kwalbar hadina da ake ɗiga wa rezin don ya daskare, filasta irin ta ɗorin karaya, sanfefa, buroshi, da injin guga, wato giranda, mai ƙarar da ke tayar da jaririn maƙwabta. Abin da bai saya ba ya ɗauka a ɗakin girkina. Almakashina ya tafi, robar wanke-wankena ta tafi, cokalin maganin 'Yar Baba ya zama ma'aunin hadina. Mutumin da ya tsani aro bai taɓa tambayata kafin ya ɗauka ba.

Ina tsaye ya ciro kujerar, ya yage fatarta daga daidai inda na ɗinke, ya sa wuƙar burodi ya raba soson biyu. Rabin baya, inda nake zama, shi ya ɗora a cinya ya yi ta sassaƙa har ya fito da siffar tozon da yake so, wai a kansa zai shimfiɗa faiba. Gutsattsarin soson na zuba ƙasa, kaji na tsattsaga suna zaton abinci ne. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, na shiga ɗaki na zauna. Ya leƙo ya tambaye ni ko ina da wata wuƙar da ta fi wannan kaifi.

Ranar ɗaukar awo ita ce ba zan manta ba. Don a samu ainihin siffar jikinsa, sai ya kwaɓa filasta ya zuba a wani akwatin katako da ya ɗaura a kan ƙashin babur, ya cusa wata a buhun leda ya ɗora inda tanki zai zauna. Ya sa tsohon wando, ya naɗe kansa da leda daga ƙirji zuwa gwiwa kamar kayan da za a aika wani gari. Sannan ya hau ya zauna cikin filastar, ya kwanto da cikinsa a kan buhun, ya riƙe kan babur, ya ce kada kowa ya taɓa shi sai ta kama. Inna ta fito da butarta ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni a hankali ko wani ciwo ne likita ya ce a yi masa haka.

Ɗan Jarida na gefe da waya. Ina kallo, da ya ɗaga wayar sai mijina ya ja numfashi ya tsuke cikinsa, irin yadda maza ke yi in za a ɗauki hoto. Ciki ya shige, ƙirji ya fito, sai ka ce saurayin da ke zuwa zance.

Na ce, "Injiniya, saki cikin nan."

Ya ce ta cikin haƙora, "Haka cikina yake."

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ni ke wanke rigunan nan, na san maɓallin da ke wahala. Haka ya zauna yana shan numfashi kaɗan-kaɗan kamar kaza a rana, filasta na ɗaukar zafi a ƙarƙashinsa, gumi na bin leda, Ɗan Jarida na zagaya shi yana cewa ya ɗan ɗaga haɓa. Bai saki cikin ba sai da filasta ta bushe aka kama shi aka ciro. Abokai suka taru a kan ramin da ya bari suna yabawa, wai ko a kamfani sai haka. Ni dai na ga siffar wani mutum da ban taɓa aura ba.

'Yan kwanakin nan suka zama watanni. Karon farko ya cika hadina, robata ta yi zafi ta fara hayaƙi ta narke, ya jefar da ita tsakar gida yana yarfe hannu. Karo na biyu ya rage, rezin ya ƙi bushewa, marfin gefe ya kwana biyu yana danƙo har ya kama ƙudaje da gashin kaza da wani ɗan ƙadangare da tsautsayi ya biyo da shi. Da ya zo kan murfin taya ya manta bai shafa kakin da ke hana faiba mannewa ba, sai da ya sa guduma ya fasa abin da ya yi mako yana yi. Duk wanda ya lalace sai ya ce darasi ne. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya sha darasi irin nasa ba.

Sai ƙaiƙayi. In ya sa giranda, ƙurar faiba ta tashi ta sauka kan shanya, ta shiga zanin gado, ta shiga tawul. Gidan gaba ɗaya muka koma susa. Inna na lazimi tana susa, Auta na cin abinci yana susa, baƙo in ya zo gaisuwa ya fita yana susa yana waiwayen gidan. Da Inna ta yi magana, sai ya ce mata ai don kare mutuncin babur ɗin gida yake yi. Ta ce ita dai a da babur ɗin gida yana kai ta asibiti, yanzu kuwa ba ta san abin da yake yi ba sai sa ta ƙaiƙayi.

A cikin haka malamar 'Yar Baba ta kira ni ta ce yarinyar ba ta ganin allo, sai ta taso ta zo gaba tana ƙanƙance ido. Hankalina ya tashi. Na dawo na same shi a baranda, takunkumi a hanci, gilashin kariya a ido, yana goga da sanfefa. Na tsaya a gabansa na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce to, to, sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan tozon ya ce in ji santsi. Da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, na sake tsayawa a gabansa, giranda ta cinye rabin maganar, ya ce Allah ya sawwaƙe ba tare da ya san wa yake yi wa addu'a ba. Da aka ce za a ba ni shugabancin sashe a sabon reshen da aka buɗe can ƙarshen gari, ina son shawararsa ƙwarai, don wurin da nisa. Na fara magana ya ce, "Riƙe min nan," ya miƙo min gefen faiba mai danƙo. Na riƙe har ya gama, na je na wanke hannu da kananzir.

Auta ne ya kai mu asibitin ido, a kan babur ɗin da ya aro wurin mai shagon bakin layi. Aron dai bai mutu ba, gida kawai ya sauya. Aka ba yarinya tabarau mai kauri. Ranar da ta fara sawa ta je ta tsaya kusa da ubanta tana jira ya gani. Ya ɗago ya kalle ta ta cikin nasa gilashin, ya yi dariya ya ce wa abokansa, "Kun ga, ta gaji ubanta, ita ma ta samo na wasa." Yarinyar ta dawo ɗaki, ni ma ban gyara masa ba.

Ni kuwa tun da aka kwance babur na koma hawa keke mai ƙafa uku. Akwai wani dattijo da ke tsayawa bakin layinmu da safe, muna ce masa Baba Mai Keke. Yakan ɗauke ni da wasu mata biyu masu sauka a kasuwa, daga nan sai ni kaɗai har wurin aiki. Ba shi da surutu, ba ya kunna rediyo, ba ya gudu. Abin da ke gabana kawai ƙeyarsa ce, da furfura a ƙasan hula. Wata rana na yi ajiyar zuciya, ya ce, "'Yata, lafiya?" Bai juyo ba, idonsa na kan titi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ashe ba mijina kaɗai bakin nan ya saba da shi ba, ya saba da ƙeya ne da ƙarar inji.

Daga ranar shi ke jin komai. Shi ya gaya min asibitin idon da ba a dogon layi. Shi ya ce in karɓi aikin, nisa ba ya kashe mutum, zai riƙa kai ni. Ranar da jikin mahaifiyata ya yi tsanani ya juya keke ya kai ni can ba tare da na roƙa ba. Yawanci dai ba ya cewa komai sai "Allah ya kyauta", amma yana ji har ƙarshe, kuma washegari yana tunawa. Ban ga laifina ba. Magana ce ta taru, wanda aka tara dominsa yana baranda yana shafa tozo.

Shi kuma Injiniya, tun da ba babur, abokin aikinsa ke ɗaukarsa a mota daga ƙofar gida ya dire shi a ƙofar gida. In ya dawo ya zauna a kan 'yar kujera yana goga, hannu ɗaya sanfefa, ɗaya cikin kwano. Abokai na zuwa da ƙunshin nama su taya shi kallo. Maɓallin da ke wahala ya gaji ya tsinke, na mayar, ya sake tsinkewa. Yakan gwada aikinsa, ba zan ce ba ya gwadawa ba, amma ɗaya-ɗaya. Ya ɗora tanki a cinya ya kwanto a kai ya ce daidai. Ya ajiye kujerar a benci ya zauna ya ce daidai. Bai taɓa ɗaura su tare a kan babur ya hau ba, wai kada fenti ya karce kafin ranar nunawa.

Gaskiya ɗaya ce, da ya gama abin ya yi kyau. Ja ne mai duhu, yana sheƙi, ba ka ganin ko ɗigon kumfa a jikinsa. Wanda bai san tarihinsa ba zai rantse daga jirgi aka sauke shi. Na tsaya a bayansa ranar da ya ɗaura komai, na duba inda nake zama. Tozon ne a wurin, santsi kamar ƙwai, ko jaka ba za ta zauna ba. Fuskata ta fito a jikin fentin a murɗe, hanci ƙato, ido ƙanana. Ya ce yaya na gani, na ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ya tara mutane da yamma a ƙofar gida. 'Yan ƙungiyarsu suka jera baburansu, maƙwabta suka fito, Inna ta sa aka kawo mata kujera. Ya lulluɓe babur da zanin gadona, ya yi ɗan jawabi a kan haƙuri da aikin hannu, har da cewa wannan babur mutum ɗaya ya sani a duniya. Ya yaye zanin aka yi tafi. Ɗan Jarida ya ɗaga waya.

Ya ɗaga ƙafa ya haye. Cikin ya sauka a kan tanki, ƙugun ya sauka a kan tozo, shi kuma ya tsaya a sama, tsakaninsa da kujera akwai wajen taki guda. Ya yi murmushi ya ja numfashi ya tsuke ciki kamar ranar filasta. Ya ɗan nutsa, bai kai ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito, ya murɗa ƙugu hagu da dama, ya shiga rabi ya maƙale. Yanzu ba ya iya sauka, ba ya iya shiga, ba ya iya numfashi, ƙafafunsa na taɓa ƙasa da kan yatsu. Wani ya ce a danna kafaɗarsa, wani ya ce a shafa mai. Da iskar da ya riƙe ta ƙwace, sai muka ji tozon ya yi ƙara kaɗan, ya ce a ciro shi, a ciro shi kafin ya tsage. Mutum biyu suka kama hammatarsa suka zaro shi kamar yadda aka zaro shi daga filasta.

Dariyar da aka yi ba ta da kyau. Shugaban ƙungiya ya ce bari ya gwada, bai shiga ba. Mai shagon bakin layi ya gwada, ya yi masa yawa ta wani wuri ya matse ta wani. Mijina na tsaye yana haki, har ya fara samun abin faɗa, yana cewa ai kun gani, ba ya karɓar kowa. Sai ga Auta ya dawo daga sayo wa Inna magani, da leda a hannu. Wani ya ce Auta ma ya taɓa. Ya ce a'a, Yaya zai yi faɗa. Aka matsa masa, ya miƙa min ledar ya haye.

Ya zauna kamar an rufe tukunya da murfinta. Cikinsa shafaffe ya kwanta a ramin tanki, ƙugunsa ya shige gaban tozo, gwiwoyinsa suka faɗa daidai inda aka yi musu wuri. Jini ɗaya ne, ƙashi ɗaya, kuma Auta yana da ainihin jikin da yayansa ya yi ƙaryar yana da shi ranar awo. Watanni mutum yana shaƙar rezin yana sa uwarsa susa don ya hana ƙaninsa aro, ashe tela ya zama yana ɗinka wa ƙanin riga.

Inna ta ce, "To ai shi ke nan, sai ka ara masa, kada ya lalace a ajiye."

Mijina ya duba mutane, ya duba waya a hannun Ɗan Jarida, ya sa hannu a aljihu ya miƙa makulli yana dariya, irin dariyar nan tasa ta da. Auta ya tayar, ya fita layin a hankali, yara na binsa da gudu. Na naɗe zanin gadona na shiga gida.

Washegari abokin aikinsa bai zo da mota ba, Auta kuma ya fita da babur tun da sassafe. Ina fita sai na ji takunsa a bayana. Ya biyo ni har bakin layi ya shiga keken ya zauna kusa da ni, ya takure matan kasuwa. Muka kai kasuwa suka sauka. Da muka rage mu biyu ya ce, yana kallon waje, zai yanke tozon ya mayar da kujera mai tsawo. Na ce da wane soson, wanda kaji suka cinye?

Baba Mai Keke bai san shi ba, don bai taɓa ganinmu tare ba. Ya gaishe shi ta madubi, sannan ya ci gaba da abin da ya saba. Ya tambaye ni ko tabaran yarinya ya daina sa ta ciwon kai, ko likita ya ce a koma a sake awo. Ya tambayi jikin mahaifiyata, ko ta fara taka ƙafar tun da aka sallame ta. Na amsa a gajarce. Ina jin mijina ya daina motsi a gefena.

Na ce, "Baba, maigidana ne."

Dattijon ya yi murna, ya ce, "Ashe kai ne. To Allah ya sanya alheri, ka yi dace. Ba kowace mace ake ba shugabancin sashe ba. Tun da ta koma sabon reshen nan ban ga ta makara ba."

Mijina ya ce amin. Sai a lokacin ya duba titi ya ga ba hanyar tsohon wurin aikina muke bi ba, mun wuce kwanar asibiti tuni. Ya kalle ni, ni kuma na kalli gabana. Mun ɗan yi tafiya haka, sai ya taɓa kafaɗar dattijon ya ce ya tsaya. Na zaci sauka zai yi. Ya fita, ya zagaya, ya ce Baba ya ɗan matsa, ya cusa kansa a gaba gefen direba, rabin jikinsa a waje, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen rufi. Keken ya karkata gefensa, muka ci gaba.

Ƙeyarsa ta dawo gabana. Ta yi kauri, ta yi ninki biyu, ga ƙurajen faiba, ga ɗigon jan fenti a bayan kunne. Bai juyo ba. Ya ɗan karkato da kai, murya ƙasa-ƙasa.

"To, ƙeya ta shirya."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na matso gaba kamar yadda na saba, na buɗe baki, na laluba cikina kaf in samo abin da zan ba shi. Idon yarinya an gama, mahaifiyata ta tashi, aiki na karɓa. Kukan da zan yi na yi shi, shawarar da zan nema na samu. Babu abin da ya rage wanda ban riga na faɗa wa ƙeyar da ke kusa da tasa ba. Na koma na jingina.

Haka ya zauna wuyansa a sanƙare yana jira, iska na kaɗa rigarsa, har muka isa ƙofar reshen da bai taɓa gani ba. Na sauka na gyara mayafina. Ya karanta allon da ke saman ƙofar, sannan ya ce gobe ma a gaban keken zai zauna, da jibi, har sai na yi magana.

Na ce, "Sai ka tambayi Baba ko zai ara maka. Kujerar ba taka ba ce."